Kawu Injiniya da Benen Zawiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda duk Zongon Kwatano ke kira Injiniya, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, yana kishingiɗe a kujerarsa ta ƙofar ɗaki, tabarau a goshi. Kafin la'asar maza sun kai shi makwancinsa sun dawo.

Na zauna a tsakar gida ina karɓar gaisuwa, ina kuma haɗiye magana. Tsofaffin ɗalibansa na jami'a sun zo cikin kwat, suka tuɓe takalma suka rasa inda za su ajiye. Wani daga cikinsu, mai furfura ma, ya fashe da kuka, yana faɗa da Faransanci cewa a hannun Kawu ya fara ganin an haɗa ƙananan kwamfutoci sun yi aikin babba. Matan gida suka yi ta gyaɗa kai suna "Allah sarki," ba wadda ta gane ko kalma. Masu manyan motoci da 'yan kasuwar shanu kuwa addu'arsu iri ɗaya ce: Allah ya jiƙansa, bai ci haƙƙin kowa ba, sai dai taurin kai. Wannan ban musa ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wata tsohuwa da ke bayana. Ta sunkuya wurin surukarta, ta ɗauka ba na ji, ta ce, "Ai shi ne Malam Zai-Faɗi. Ya ce benen zawiya zai faɗi, ga shi ya riga benen faɗuwa." Suka cusa dariya cikin mayafi. Wallahi ba don makoki ba ne, da ranar ta san 'yar wa ta taɓa. Na juya na dube ta kawai, har ta kama laluben carbinta.

Mu huɗu muka san yadda maganar benen nan ta kasance: ni, da Inna mahaifiyata, da Kawu, da yayansu Kawu Babba. Uku sun kwanta dama. In na yi shiru, abin da za a riƙa tunawa da shi ke nan, sunan tsokana. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Kawu mutum ne mai wuyar zama. In ya shiga gidanka, kafin ya gama amsa gaisuwa ya ciro makullin babur ɗinsa yana ƙwanƙwasa bango, kunne a karkace. Masu gida da yawa sun ji haushi. Yakan ce, "Gini yana magana, mu ne kurame." Kuma tun da nake ban taɓa jin kalmar "na tabbata" a bakinsa ba. Ka tambaye shi ko za a yi ruwa, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, sai ya ce, "Da alama." Inna takan ce ko sunansa ka tambaye shi sai ya ce da alama.

Ya yi karatunsa a waje zamanin jam'iyya ɗaya, lokacin da in za ka yi maganar gwamnati sai ka waiwaya. Da aka dawo da zaɓe, bakin kowa ya buɗe, aka ce 'yan ƙasa su dawo gida, ya tattaro littattafansa ya dawo. Aikinsa shi ne lissafin yadda gini ke motsi in wani abu ya girgiza shi, ko iska, ko babbar mota, ko taron mutane. 'Yan Zongo sun kasa gane wannan sana'a. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a karatun gini, bai iya ɗora bulo ba!

Ni dai ba ni da bakin yi masa dariya. Da mijina ya rasu na dawo gida da 'ya'ya, ba sana'a, Kawu ne ya ji wani biro, wato ofis, a unguwar Kajehun zai zubar da tsofaffin kwamfutoci. Ya kwaso su ɗaya bayan ɗaya a kan zemijan, wato babur ɗin haya, yana rungume da kowace kamar jariri, ya gyara su, ya zaunar da ni ya koya mini. Da su na buɗe siber ɗina, shagon intanet, inda matasa ke zuwa su aika saƙo waje. Bai taɓa ambaton wannan ba ko sau ɗaya. "Uwata" yake kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Saboda wannan mahaifiyar tasu aka yi benen. Kawu Babba, mai manyan motoci da ke ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Nijar, ya yi niyyar sadaka mai gudana ga uwarsu. Ya ce zai ɗora bene a kan zawiyarmu, ya zama na mata, su daina zama a rana a bakin titi. Kawu ne ya zana, da ginshiƙai biyu a tsakiyar ƙasa, su tallafi dal, wato shimfiɗar kankaren da mata za su taka. Sai aiki ya kai shi arewa na 'yan watanni. A bayansa dattawa suka duba zanen suka ce ginshiƙai za su yanke sahun salla, kuma sahu ba a son a yanke shi. Kawu Babba ya ce gaskiya ne, a cire. Magini ya ce zai ƙara ƙarfe, ba komai. Da Kawu ya dawo ya tarar da falo fetal, an sha fenti, kowa na yabo.

Ya tsaya a tsakiyar zawiya ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Bayan damina ya sake komawa da tsani, ya kankare fenti da makullin nan nasa a cikin babban gungumen kankaren da ya ratsa tsakiya, ya ga tsaga siririya kamar gashi. Maulidin mata na tafe, na farko da za a yi a sama, saura 'yan makonni.

Wanda bai san Maulidin matanmu ba zai ce ai zama ne. Ba zama ba ne. Bayan azahar ake farawa a hankali, Inna na riƙe da mandiri, don ita ce mai ja tun ina yarinya. Zikiri na ɗumi tana ƙara sauri, mata su miƙe, ƙafa ɗaya, numfashi ɗaya, kowa na dira tare. Abin alfaharinmu ke nan, cewa ba a jin ƙafar da ta saɓa. Kawu ya ce abin tsoron ke nan.

Ya same ni a siber da rana tsaka, ya ce, "Uwata, ina son kwamfutocinki. Duka."

Na ce, "Duka kamar yaya, Kawu? Masu zuwa fa?"

"Ki ba su haƙuri."

"Har yaushe?"

"Da alama har Maulidi."

Na ce tabɗi! Na yi ta faɗa, na ce taka ta biro fa, me ta yi? Ya bar ni na gama, sannan ya ja kujera ya yi mini bayani, irin bayanin da bai taɓa yi wa kowa a gida ba.

Ya ce nauyin mata a tsaye cik, dal ɗin zai ɗauka, wannan da alƙalami ma ya lissafa. Amma kowane gini yana da nasa saurin rawa, kuma muddin bugun ƙafa bai dace da shi ba, lafiya lau. Matsalar, kankare in ya tsage yakan yi laushi, in ya yi laushi rawarsa ta rage sauri, ta sauko wajen bugun ƙafa. In sun matso juna sai lilon ya ƙaru, tsagar ta ƙara buɗewa, ya ƙara laushi. Ginin da ka fara lissafi da shi ba shi ne ginin da ke gabanka bayan ɗan lokaci ba. Don haka dole a yanka ginin gunduwa-gunduwa a cikin na'ura, dubbai, a yanka lokaci ma ƙanana fiye da ƙiftawar ido, a kowane taki a yi ta maimaita lissafi har ya daidaita, sannan a matsa gaba. Ya ce ya gwada a tasa kwamfutar. Yadda take tafiya, sai an yi Maulidi an share wuri kafin ta ba da amsa.

Na ce, "To nawa tsofaffin me za su yi?"

Ya ce, "In ana son saukar Alƙur'ani a zama ɗaya, yaya ake yi?"

Na ce a raba izu, kowa ya ɗauki nasa.

"To haka. Kowace kwamfuta ta ɗauki yankinta na ginin. Sai dai a sauka kowa na karatunsa ba ruwansa da na kusa. A nawa aikin, bayan kowane taki sai kowace ta gaya wa maƙwabciyarta yadda bakin yankinta ya motsa, don ƙarfe ɗaya ne ya ratsa su. Ba mai wucewa sai kowa ya iso."

Na rufe siber. Ya jona su da igiyoyi, ya ɗebo kaset ɗin Maulidin bara ya zauna da agogon hannu yana ƙirga bugun Inna. Ya aro wata 'yar na'ura daga jami'a, ya manna ta a dal, ya sa na yi ta tsalle a tsakiyar bene ni kaɗai, uwar 'ya'ya, ladan na leƙe ta taga. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ranar farko na ɗauka da an kunna shi ke nan. Ina! Akwai wata kwamfuta a lungu da muke kira Tsohuwa, ita ce ta fi kowa nawa. Sauran su gama nasu su zauna jiranta. Kawu ya rage mata rabo, ya ƙara wa masu ƙarfi, tafiya ta miƙe. Bayan kwana biyu kuma sai ga wata daban ta zama mai jan ƙafa, ita da ba ta da laifi. Ya duba ya ce tsagar ta fara buɗewa a yankinta, lissafinta ya ninka, dole a sake rabo. Na ce to mu aro wasu daga siber ɗin unguwar Gbegame mana, a yi ta ta ƙare. Ya ce an kai inda ƙari ba ya ƙara komai, in sun yi yawa surutun da ke tsakaninsu zai fi aikin. Na ce ashe su ma kamar kwamitin zawiya ne. Ranar kaɗai na ga ya yi dariya a duk makonnin nan.

Ga ɗauke wuta. A lokacin ba sanarwa, kana zaune sai fanka ta tsaya. Karon farko aikin yini guda ya tafi, Kawu ya zauna ya dafe kai, ni kuwa na fita ƙofar shago ina zagin kamfanin wuta da duk wanda ya haife shi. Daga nan ya sa na'urorin su riƙa ajiye inda suka kai lokaci-lokaci, muka aro gurup, wato janareta, wurin mai walda. Ƙarar gurup, zafi, matasa na buga ƙofa suna tambaya ko na yi fatara ne. Kawu na zaune da 'yar shara, gumi na ɗiga, idonsa a kan lambobi.

Bai jira amsar na'urorin ba kafin ya yi magana, kuma nan aka samu matsala. Ya je taron kwamitin zawiya ya ce a ɗage hawa benen, ko a kafa turakun ƙarfe a ƙasa kafin ranar. Zamanin kowa ya koyi ɗaga hannu, ko limamin unguwa za a canza wa tabarma sai an yi ƙuri'a. Ni ina daga waje wajen taga, na ji komai.

Wani ya ce, "Injiniya, ka tabbata zai faɗi?"

Kawu ya ce, "Ban tabbata ba. Ina lissafi."

"Wato ba ka sani ba."

"Na san akwai tsaga."

Sai wani dattijo ya ce shi fa ya gane inda aka dosa. Yanzu an fara da bene, gobe a ce zikirin ne ke rusa gini, jibi a ce Maulidin ma bidi'a ne. Ai an san masu wannan magana, an kuma san 'yan boko da suka dawo daga waje da wa suke zama. Wuri ya kaure. Kawu, wanda ya karɓi wuridi tun kafin ya yi gemu, wanda ban taɓa ganin ya tsallake wazifa ba, shi aka mayar maƙiyin ɗariƙa a zama ɗaya.

Kawu Babba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Auta, benen nan na uwarmu ne. Ka tafi ka bar ni da aiki, na yi, yanzu ka zo gaban mutane ka ce na gina wa mata kabari?"

"Yaya, ban ce haka ba."

"Wanda ya yarda a hau bene ya ɗaga hannu."

Aka ɗaga. Hannun Kawu kaɗai ya rage a cinya. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa, ya ce, "Kankare dai ba ya zaɓe." Wannan maganar ta zaga Zongo kafin magariba, kuma ba ta ƙara masa masoya ba.

Amsa ta fito da safiyar ranar Maulidin. Ya kira ni na duba. Ya mayar da lambobin hoto mai motsi: ga dal ɗin yana numfashi a hankali, shuɗi. Da bugun ya kai saurin da Inna ke kaiwa in zikiri ya yi zafi, sai ja ya ɓullo a tsakiyar gungumen, ya bazu, lilon na ƙaruwa, har lissafin ya tsaya.

Na ce, "Me ya sa ya tsaya?"

Ya ce, "Ya kasa samun inda ginin zai daidaita."

Inna za ta kasance a tsakiyar wurin nan ja. Ni ma, da 'ya'yana mata biyu.

Na hau zemijan da kaina na ɗauko Kawu Babba daga garejinsa. Ya zo, ban san don me ba, wataƙila don na yi masa kuka. Ya tsaya a bayan ƙanensa ya kalli hoton har ƙarshe, ya ce a maimaita, aka maimaita. Sai ya ce, "Wa ya zana wannan?"

"Na'ura ce ta lissafa, Yaya."

"Wa ya gaya mata abin da za ta lissafa?"

"Ni."

"To." Ya gyara babbar rigarsa. "An yanka shanu, baƙi sun zo tun daga garuruwa masu nisa. In na rufe benen yau, na gaskata masu cewa Maulidi bidi'a ne, na kuma ƙaryata kwamiti. Ka rantse zai faɗi, in rufe."

Na dubi Kawu ina roƙonsa da ido. Rantse mana! Kalma ɗaya ce! Sai ya ce, "Ba zan rantse a kan abin da Allah kaɗai ya sani ba." Kawu Babba ya juya ya fita. Wallahi ranar na ji kamar in shaƙe Kawu. Na ce masa gaskiyarka ta banza, za ta kashe mu. Ya sa hularsa ya ce in zo mu je wurin Inna.

Mun same ta tana gasa fatar mandiri a bakin murhu don ta yi tauri. Ya durƙusa, abin da ban taɓa gani ba, ya gaya mata komai a taƙaice. Ya ce ba ya roƙon ta hana kowa hawa, ba ta da wannan ikon. Abu ɗaya yake roƙo, kada ta bar zikirin ya kai saurin nan.

Inna ta ce, "Ka san abin da kake cewa? Mata sun shekara suna jiran yau. In ja musu zikiri kamar mai ciwon baya?"

"Na sani, Yaya."

"Ka tabbata?"

"A'a. Ban ga ƙarfen da ke cikin kankaren ba, abin da magini ya faɗa na ba na'ura. Yana iya fin haka ƙarfi. Yana iya kasawa."

Ta daɗe tana juya mandirin a kan wuta. Ta ce, "Kai ina za ka kasance?"

Ya ce, "A ƙasa. Ƙarƙashin gungumen."

"Tashi ka ba ni wuri," in ji ta. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Bayan azahar bene ya cika maƙil, har matakala. Kafin in hau na leƙa ƙasa. Maza duk suna rumfar waje wajen abinci, zawiya ba kowa sai Kawu, ya shimfiɗa buzunsa daidai ƙarƙashin tsagar, ya kafa wata doguwar sanda da ta kusa taɓa gungumen, yana zaune da carbi.

Inna ta fara. A hankali, kamar kullum. Ta daɗe a nan fiye da kullum. Mata suka fara kallon juna. In zikiri ya ɗauko zafi sai ta katse da salati, ta sake farawa daga ƙasa. Karo na uku na ji ana gunaguni, wata ta ce tsufa ya kama Hajiya. Inna ta ji, fuskarta ba ta motsa ba, amma na ga jijiyar wuyanta.

Sai abin da ba mu lissafa ba ya faru. Baƙin da suka zo sun zo da nasu mandirin. Wata matashiya cikinsu, mai murya kamar ƙararrawa, ta ga an ƙi tashi, ta ɗauka taimako ake nema, ta buga nata da sauri. Mata kuwa kamar jira suke. Suka miƙe gaba ɗaya. La'ilaha illallah, ƙafa ɗaya, La'ilaha illallah. Inna ta buga nata a hankali don ta ja su baya, ba wanda ya ji ta.

Na ji shi a tafin ƙafata. Ba girgiza ba ce, wani lilo ne mai laushi, kamar ka taka katifa. Fankar sama na kaɗawa gefe da gefe. Na riƙo 'ya'yana. In na yi ihu, mata za su ruga matakala guda ɗaya, a tattake juna. In na yi shiru, ga abin da na gani da safe. Na dubi Inna, ita ma ni take kallo.

Sai ta miƙe. Ta ɗaga mandirinta sama da kai, ta buga da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ja wani baiti na yabo da kowa ya sani, mai tafiyar hawainiya, irin wanda ake rakiyar alhazai da shi. Ta juya ta nufi matakala tana waƙa. Ta ce, "Mu kai wa Annabi gaisuwa a titi! Wadda ke ƙaunarsa ta biyo ni!" Wa zai zauna? Na kusa da ita suka bi, ƙafafu suka saɓa, masu tafiya da masu tsayawa. Matashiyar nan ta rage sauri ta bi baitin. Lilon ya lafa. Inna ta tsaya a kan matakala tana tafiya taki ɗaya-ɗaya, ta toshe hanya da jikinta yadda ba mai iya wuce ta da gudu.

Ni ce kusan ta ƙarshe. Da na sauko na shiga zawiya da gudu. Kawu na nan inda na bar shi. Sandar da ya kafa ta lanƙwashe ta tsage daga sama, farar ƙurar siminti a hularsa da kafaɗunsa da gemunsa. Leɓunansa na motsi, ba sauti. Na ce, "Kawu, tashi, sun sauka." Ya ce, "Duka?" Na ce duka. Ya miƙo mini hannu. Sai da na ɗaga shi.

Bene bai faɗi ba. Shi ke nan abin da Zongo ta gani. Mata sun zaga unguwa suna yabo har la'asar, kowa ya ce ba a taɓa Maulidi mai daɗin wannan ba, kuma daga shekarar zagayen ya zama al'ada, har yaran yanzu na cewa tun kakanni ake yi. Kawu kuwa ya samu suna. Yara na binsa da "Zai-Faɗi," a sahu wasu na matsawa. Na ce ya nuna musu sandar mana, ya ce sanda ba hujja ba ce, yana iya yiwuwa shi ya kafa ta da matsi. Kun ji mutum!

Kawu Babba ya shiga zawiya da yammacin ranar, an ce shi kaɗai. Washegari ya sa kwaɗo a ƙofar bene, ya ce za a gyara fanka. Fankar nan ba a gama gyaranta ba har ya rasu. Kafin azumi aka ga ginshiƙai biyu sun tsaya a tsakiyar sahu, ya ce don a rataya agogo ne da allon lokutan salla. Bai taɓa ce wa ƙanensa ka yi gaskiya ba, Kawu bai taɓa nema ba. Gaisuwa kawai ke haɗa su, sai ranar Salla su ci tuwo a kwano ɗaya ba mai kallon wani. Wannan ya ci Kawu a rai, na sani, don da yayan nasa ya rasu ya yi wata guda bai taɓa kwamfuta ba.

A ciwonsa na ƙarshe nakan kai masa kunu da hantsi. Wata rana na kasa daurewa. Na ce yanzu ai na'urori sun yi ƙarfi, ɗalibansa na cewa abin da ya ci mana makonni yanzu kafin shayi ya huce an gama. Me zai hana a sake lissafin, a fasa kankaren a ga ƙarfen, a wanke sunansa tun yana raye?

Ya ce, "A wanke shi da me?"

"A nuna musu da ya faɗi!"

"In kuma aka ga da bai faɗi ba?"

Na ce, "To kai a ranka fa, Kawu? Tsakaninka da Allah. Da Inna ba ta sauko da su ba, da ya faɗi?"

Ya riƙe kofin da hannu biyu, ya dube ni.

Ya ce, "Uwata, hanya ɗaya ce tak ta sanin wannan, kuma kina sama ranar, ke da 'ya'yanki. Ban sani ba. Kullum in na yi sujada sai na gode wa Allah da ya bar ni ban sani ba."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya haɗa shi da yayyensa biyu a inda ba a riƙe kowa a zuci. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.